Bakin Tsohuwar Teku: Tarihin Ƙasar da Gusau, Tsafe da Bunguɗu Ke Zaune a Kanta

A al'adar mujallu irin wannan tamu, idan aka ce za a kawo tarihin gari, akan fara ne daga wanda ya sari garin, sannan a jero sarakuna da shekarun da kowannensu ya yi a kan gado. Mun sha karanta labarin 'Yandoto da malamanta, da yadda Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, da zuwan jirgin ƙasa wanda layinsa ya ratsa Gusau ya tiƙe a Ƙaura Namoda a 1929, har zuwa samun Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996. Bana kuwa za mu gangara ƙasa da haka, mu dubi tarihin ita kanta ƙasar da aka yi duk waɗannan abubuwa a bisanta. Dalili shi ne akwai tambayoyi biyu da ba sa ƙarewa a tarurrukanmu. Ta farko, me ya sa akan tara kuɗi a haƙa rijiyar burtsatse a unguwa, amma ko dai a tashi a tutar babu, ko kuma ta ƙafe da shigowar bazara? Ta biyu, tunda ana ta maganar neman man fetur a Arewa, ko mu ma muna da rabo? Amsoshin duka biyun suna rubuce a jikin duwatsun da muke wucewa kullum.

Matafiyin da ya taso daga Tsafe ya nufi Sakkwato, in yana da lura, zai ga ƙasa iri biyu. Daga Tsafe zuwa Kwatarkwashi, zuwa Gusau da Bunguɗu da Maru, duwatsu ne masu tauri, wasu sun yi tsiri sun kai sama kamar na Kwatarkwashi, wasu kuwa falale ne da mata ke shanya a kai. Amma da zarar ya wuce Talatar Mafara ya doshi wajejen Bakura da Tureta, sai irin waɗannan duwatsu su ɓace ɗungum. Abin da zai riƙa gani shi ne rairayi da tsakuwa da jar marmara, da tuddai masu shafaffen kai kamar an yanke su da wuƙa. Masana ilimin duwatsu suna kiran ƙasar farko tsohon gindin ƙasa, ta biyun kuwa suna kiranta Kwarin Sakkwato. A sauƙaƙe, a ɗauka wani makeken akushi ne aka girke, aka cika shi da yashi da laka hawa-hawa. Sakkwato da Wurno da Birnin Kebbi suna cikin akushin, mu kuma muna zaune a kan leɓensa na gabas.

Kwarurukan da suka riga kowa

Baturen da ya fara zagaya ƙasar Arewa yana tantance duwatsunta shi ne J. D. Falconer, wanda ya fitar da littafinsa a 1911, kuma shi ne ya raɗa wa irin duwatsun Kwatarkwashi da Tsafe sunan da har yau ake kiransu da shi a makarantu, wato tsofaffin giranit, don a bambanta su da na Jos waɗanda suka zo daga baya. Gwajin da aka yi bayan zamaninsa ya nuna cewa galibinsu sun daskare ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Mai karatu yana da haƙƙin tambaya, wa ya ƙirga? Yadda ake yi shi ne, a cikin dutsen akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da yuraniyom, shi kuma yuraniyom yakan rikiɗe ya zama dalma a hankali, bisa ƙa'idar da aka riga aka auna. Idan aka gwada yawan wanda ya rage da yawan dalmar da ta samu, sai a san tsawon lokacin da ƙwayar ta yi.

Sai dai giranit ɗin ba shi ne babba ba. Narkakke ya taso daga ƙarƙashi, ya kutsa cikin wasu duwatsun da ya tarar, kuma waɗannan da ya tarar su ne suka fi ban sha'awa. Suna nan a miƙe daga kudu zuwa arewa kamar kunyoyin gona, kuma a littattafan ilimi na duniya ana kiransu da sunayen garuruwanmu: zirin Anka, zirin Maru, da zirin Wonaka ta ƙaramar hukumar Gusau. Duk wanda ya ɗauki dutsen irin wannan wuri zai ga yana ɓarewa falle-falle kamar takardun allo da aka jera. Asalinsa laka ce da yashi waɗanda suka kwanta a ƙarƙashin ruwa. A zirin Maru lakar mai laushi ce, irin wadda ba ta kwanciya sai a ruwan da ba ya motsi, kuma a tsakaninta akwai shimfiɗun tama. A zirin Anka kuwa ana samun manyan tsakuwoyi da suka manne da juna tare da duwatsun aman wuta, alamar cewa wurin yana kusa da gangare mai tsayi, ƙasa kuma ba ta zauna lafiya ba.

Masana da dama suna ganin cewa waɗannan zirare ragowar wasu dogayen kwaruruka ne da suka samu lokacin da ɓawon ƙasa ya miƙe ya tsage a gefen wata tsohuwar nahiya, tsakiya ta lotsa, ruwa ya shiga, koguna suka yi ta zuba laka. Akwai saɓani a tsakaninsu game da shekarun kowane kwari, da kuma ko duk lokaci ɗaya suka samu. Abin da ba a yi jayayya a kansa ba shi ne yadda suka ƙare. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, daskararren yankin da yanzu ya ƙunshi ƙasashen Gana da Burkina Faso da yammacin Mali ya yi karo da yankin da muke ciki. Karon bai faru a yini ɗaya ba, miliyoyin shekaru ya ɗauka, amma ya matse kwarurukan nan kamar yadda ake matse tsumma, ya naɗe shimfiɗunsu ya tayar da su tsaye, zafi ya gasa lakar ta zama dutse. Manyan tsaunuka suka tashi a inda muke noma gero da auduga a yau. Dutsen Kwatarkwashi da muke ɗaga kai mu kalla, a lokacin yana binne ne a can cikin cikin tsaunukan. Ruwa da iska ne suka yi ta zaizaye abin da ke kansa har ya bayyana.

A lokacin wannan matsi ne kuma ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai ya riƙa bin tsagogin dutse, yana barin farin dutsen ƙanƙara a cikinsu, tare da zinariya. Wannan shi ne asalin gwal ɗin Anka da Maru da Bukkuyum, wanda kamfanonin Turawa suka yi rububinsa a shekarun 1930. Za mu komo kansa.

Ranar da Afirka ta rabu da 'yar uwarta

Bayan wannan, ƙasarmu ta yi shekaru ɗaruruwan miliyoyi ba abin da take yi sai zaizayewa. A tsawon wannan zamani Afirka da Amurka ta Kudu a haɗe suke, ƙasa ɗaya. Duk ɗalibin da ya dubi taswira zai ga ƙusurwar Barazil ta yi daidai da lungun da gaɓar Nijeriya da Kamaru take, kamar ɓarin ƙwarya da ɗan uwansa. Wani Bajamushe mai suna Alfred Wegener ya faɗi haka tun 1912, aka yi masa dariya, sai a shekarun 1960 aka tabbatar da maganarsa. Duwatsun arewa maso gabashin Barazil da namu shekarunsu ɗaya, yanayinsu ɗaya.

Tsakanin shekara miliyan 140 zuwa 100 da suka wuce ne ƙasar ta dare. Tsagar ta yi rassa uku daga wajen da kogin Kwara ke shiga teku a yau. Biyu suka ci gaba da buɗewa har suka zama tekun Atilantika, na ukun kuwa ya shigo cikin ƙasa ya nufi arewa maso gabas, sannan ya tsaya. Shi ne Kwarin Binuwai, wanda ya bi ta Makurɗi har Gwambe da Yola, kuma a wasu wurare kaurin yashi da lakar da suka cika shi ya kai mita 5,000 ko fiye. Irin wannan tsagar ce ta ratsa gabashin Nijar da kudancin Cadi. A nan ne maganar mai take. Kafin a samu man fetur, sai an binne laka mai ɗauke da ragowar halittun ruwa a zurfin da zafi zai dafa ta, a kuma samu yashin da man zai taru a ciki, da wata lakar da za ta rufe shi. Kwarurukan tsaga suna da wannan zurfi. Shi ya sa Cadi ta fara fitar da mai daga Doba a 2003, Nijar ta fara haƙo na Agadem a 2011 tana tacewa a matatar da ke kusa da Damagaram, kuma a 2019 aka ba da sanarwar samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauci da Gwambe.

Kwarin Sakkwato ba haka ya samu ba. Shi gefe ne kawai na wani babban kwari da ya mamaye yammacin Nijar, ya taɓa Mali da Aljeriya da Binin, wanda ake kira Iwillimidan, da sunan wata babbar ƙabilar Abzinawa. Tsakiyar nahiya ce ta yi ta lotsawa sannu a hankali, faɗi da yawa, zurfi kaɗan. A ɓangaren Nijeriya shimfiɗun sun fara ne daga sifiri a bakin ƙasarmu, suna karkata kaɗan-kaɗan zuwa arewa maso yamma, suna ƙara kauri har su haura mita 1,000 wajen iyakar Nijar.

Gundumi

Shimfiɗar farko da ta kwanta a gindin akushin, kai tsaye a kan tsohon dutse, ana kiranta Shimfiɗar Gundumi, da sunan dajin nan da ke tsakanin Isa da Sakkwato. Tsakuwa ce da yashi mai kaushi da yumɓu, waɗanda koguna suka kwaso daga tuddan gabas, wato daga ƙasarmu, suka zube. A cikinta ana tsintar gungumen itatuwa da suka zama dutse, ana ganin zanen jikinsu sarai. 'Yan uwan wannan shimfiɗa a Nijar, wajejen Ingal da Gadufawa, su ne suka ba duniya ƙasusuwan manyan dabbobin nan da suka ƙare, har aka raɗa wa ɗaya daga cikinsu sunan ƙasar, Nigersaurus, a 1999.

A nan tarihin duwatsu ya haɗu da tarihin mutane ta wata hanya mai ban mamaki. A ƙarni na 19 babu dajin da fatake da matafiya ke tsoro kamar Gundumi, saboda hare-haren Gobirawa da kuma rashin ruwa. Kyaftin Clapperton ya ratsa shi a 1824 a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Zurmi da Badarawa ya shiga dajin a 1853, ayarinsu suka kwana suna tafiya ba tare da sun yada zango ba, suka fito a galabaice kafin su sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ashe yashin da suke takawa da ƙishirwa shi ne bakin ɗaya daga cikin manyan rumbunan ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin. Ruwan sama yakan nutse a cikinsa nan take, ya gangara ƙasa ya bi karkatar shimfiɗar zuwa yamma. Binciken da masanan Amurka biyu, Anderson da Ogilbee, suka wallafa a 1973 bayan aikin haƙe-haƙe na shekarun 1960 shi ne ya fayyace wannan tsari. Guga da igiya ba su isa su kai gare shi ba, sai da injin haƙa ya zo.

Teku a Wurno

Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce ruwan tekunan duniya ya ƙaru, teku ta kwararo daga arewa ta ratsa inda Sahara take a yau, ta shigo kwarin. Ta ja da baya, ta sake dawowa wajen shekara miliyan 60 da suka wuce. Kowane zuwa da komawa ya bar shimfiɗarsa, kuma nan ma sunayen na gida ne: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gamba, sannan Gwandu a bisa duka, wadda ta kwanta bayan teku ta tafi ba dawowa. A lakar Dukamaje aka tono ƙasusuwan wani ƙaton dabbar ruwa mai kama da guza, wanda masani Swinton ya fara bayyanawa a 1930, daga baya masanan Italiya suka sake tono wasu, suka sa masa suna Goronyosaurus a 1972, wato ƙadangaren Goronyo. Akwai kuma wani kadan teku da aka kira Sokotosuchus. A Dange ana tsintar haƙoran kifaye da dutsen fosfat da ake takin zamani da shi. Farar ƙasar Kalambaina kuwa tarin ɓawon ƙananan halittun teku ce, kuma a kanta aka kafa kamfanin siminti na Sakkwato wanda ya fara aiki a 1967.

Duk waɗannan shimfiɗu na teku sun tsaya can yamma da arewa. Ƙasarmu ita ce tudun da ke bayan gaɓa, mai ba da yashi. Har gobe ma aikin da take yi ke nan, domin Gulbin Sakkwato da ya taso daga wajen Funtuwa ya bi ta Gusau da Bunguɗu yana nan yana kwasar ɓarɓashin duwatsunmu kowace damina, illa dai tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978 yawancinsa a can yake kwanciya. Magini a Gusau da ya kwaɓa yashin gulbi da simintin Sakkwato, ya haɗa ragowar tsauni da ragowar teku ne a cikin bulo ɗaya.

Rabonmu

Daga abin da ya gabata, amsar tambaya ta biyu a fili take. Dutsen da Gusau da Tsafe da Bunguɗu ke kai ya riga ya narke ko ya gasu tun da daɗewa, don haka babu man fetur a ƙarƙashinsa. Ko a cikin Kwarin Sakkwato, inda hukuma ta sa shi cikin jerin wuraren da ake bincike, ƙarancin kaurin shimfiɗun babban cikas ne. A ganina, duk ɗan siyasar da ya zo mana da alkawarin rijiyar mai a waɗannan ƙananan hukumomi uku, ko dai bai tambayi masana ba, ko kuma ya ɗauka mu ba za mu tambaya ba.

Rabonmu shi ne abin da tsofaffin kwarurukan farko suka bari, kuma mun ga yadda yake zuwa da kaifi biyu. A wasu jijiyoyin dutsen, zinariya tana tare da dalma mai yawa. Lokacin da farashin gwal ya tashi, mutane suka riƙa kai dutsen cikin gida ana daka shi ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida da abinci. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai kuma suka buƙaci magani, sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019 saboda matsalar tsaro, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024. Dutsen dai bai canja ba, dalmar tana nan a cikinsa, kuma 'ya'yanmu da yawa daga Tsafe da Bunguɗu suna zuwa wuraren haƙar su dawo gida da tufafin aikinsu.

Saura maganar ruwa, wadda ita ce ta fi kusa da aljihun ƙungiya. A cikin akushin, yashi yana riƙe ruwa kamar soso, shimfiɗa guda tana tafiya kilomitoci masu yawa, shi ya sa a wajejen Argungu da Birnin Kebbi aka haƙa rijiyoyin da ruwa ke bulbulowa da kansa ba famfo. Giranit kuwa ba shi da ƙofofin da ruwa zai zauna. Wuri biyu kawai yake samu: ruɓaɓɓen saman dutsen, wanda kaurinsa ba ya wuce 'yan gomomin mita, sai kuma tsagogin da ke ƙarƙashi. Saboda haka ana iya samun ruwa a wannan gida, a matsa taki hamsin a haƙa a tarar da busasshen dutse. Ƙara zurfi ba ya magani idan ba a dace da tsaga ba, kuɗi ne kawai ke tafiya a ƙura. Wannan ne ya sa tun asali garuruwanmu suka rungumi gulbi da fadamu da gindin duwatsu, inda ruwan da ya gangaro yake taruwa, kuma shi ya sa babban gari kamar Gusau ya dogara da madatsa. Waɗanda suka ga halin da aka shiga bayan ambaliyar da ta fasa madatsar Gusau a ƙarshen Satumbar 2006 sun san cewa rijiyoyin gari ba su iya ɗaukar nauyin jama'arsa.

Shawarar da nake bai wa kwamitocin ayyuka na rassanmu ita ce, kada a biya kuɗin haƙa sai an kawo masanin da zai auna ƙasa da na'urar lantarki ya nuna inda ruɓaɓɓen dutse ya fi kauri ko inda tsaga ta bi, ko da wurin bai yi wa mai unguwa ko mai ba da gudummawa daɗi ba. Kuɗin awon kaɗan ne a kan kuɗin rami ɗaya da ya tashi a banza. Haka kuma a sa wa ɗan kwangila sharaɗi a rubuce cewa zai miƙa takardar haƙa: mita nawa aka yi kafin a taɓa dutse, a mita nawa ruwa ya fito, lita nawa rijiyar ke bayarwa a awa, da kuma watan da aka gwada ta, domin gwajin Agusta daban, na Afrilu daban. Sakataren kowane reshe ya adana waɗannan takardu a fayil ɗaya, har da na rijiyoyin da ba a samu ruwa ba, a rubuta sunan unguwa da shekara a bayan kowace.